Yadda Ake Ziyartar Tsohuwar Bishiya a Daji Ba Tare da An Cuce Ta Ba

Akwai bishiyoyin da suka girmi garuruwan da ke kewaye da su, wasu ma sun girmi daulolin da suka mallaki ƙasar da suke kai. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban irinsu ya san yadda abin yake: ka ɗaga kai har wuya ya gaji, baki ya mutu, ka rasa abin cewa. Ina son kowa ya ɗanɗani wannan. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, da yawa daga cikin bishiyoyin da suka yi suna, gatari ya bar su, ƙafafun masoyansu ne ke rage musu kwana. Shi ya sa matakan da zan kawo suka haɗa abu biyu: yadda za ka je ka dawo lafiya, da yadda za ka baro bishiyar kamar yadda ka same ta.

Tun kana gida

Matakin farko tambaya ce: bishiyar tana nan kuwa, kuma an yarda a je wurinta? Kada ka raina wannan tambayar. A 2018 wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature Plants ya nuna cewa tara daga cikin kukoki 13 mafi tsufa a Afirka sun mutu, ko kuma sassansu mafi tsufa sun zube, a cikin shekara 12 kacal. A cikinsu har da kukar Panke ta Zimbabuwe, wadda aka ƙiyasta ta kai shekara 2,450. Hoton da ka gani a intanet yana iya zama na shekarun baya. Nemi shafin hukumar da ke kula da gandun dajin, ko ka kira ofishinsu, ka ji halin da ake ciki a wannan makon.

Wasu bishiyoyin kuma da gangan aka hana zuwa wurinsu. Hyperion, wadda aka gano a 2006 a gandun Redwood na jihar Kalifoniya a Amurka, ita ce mafi tsawo da aka sani a duniya, ta haura mita 115. Babu hanyar da hukuma ta fitar zuwa wurinta, amma mutane suka riƙa kutsawa, suka tattake ciyayin gindinta, suka bar shara da ba-haya. A 2022 hukumar gandun ta ja kunne cewa wanda aka kama a wurin yana iya biyan tarar dala 5,000 da ɗaurin wata shida. Haka Methuselah, wadda ta haura shekara 4,800 a tsaunukan White na Kalifoniya, ba a sa mata wata alama ba, ma'aikata ba sa nuna ta. Idan ka ji an ɓoye bishiya, ka bar ta a ɓoye. Ko wani ya ba ka lambobin wurin a waya, ka haƙura.

Sai nisa da wahalar hanya. Nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin "bishiya a daji" ba abu ɗaya ba ne. Tane Mahuta, babbar bishiya ta dajin Waipoua a Niyu Zilan, daga nau'in da ake kira "kauri" a can, tafiyar 'yan mintoci ce daga bakin titi. Jomon Sugi ta tsibirin Yakushima a Japan kuwa, zuwa da dawowa kusan kilomita 22 ne, tafiyar kimanin awa goma, masu zuwa tun duhun asuba suke tashi. General Sherman ta gandun Sequoia a Kalifoniya ba ta kai kilomita ɗaya daga wurin ajiye motoci ba, amma gangara ce a tafiya, hawa a dawowa, kuma wurin yana kimanin mita 2,100 sama da teku, inda numfashi ke saurin ƙarewa. Ka san tsawon hanya, ka san yawan hawa, ka san lokacin faɗuwar rana, sannan ka auna da mafi rauni a cikin tawagarku, ba da mafi ƙarfi ba.

Duba hasashen yanayi da daddare, ka sake dubawa da safe. Ranar da ake sa ran iska mai ƙarfi ko hadari da tsawa, ka fasa, ko da ka riga ka shirya. Idan kana da zaɓi, ka tafi da sassafe a tsakiyar mako, lokacin da mutane ba su taru ba. Bayan ruwan sama mai yawa ka ba ƙasa kwana biyu ta tsane, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi saurin danƙarewa a ƙarƙashin takalmi.

Kaya ba su da yawa: takalmi mai rufe ƙafa wanda ba ya santsi, dogon wando da riga mai dogon hannu saboda ƙaya da kaska, ruwan sha fiye da yadda kake zato za ka sha, ɗan guzuri, tocila, rigar ruwa, kayan ɗaure rauni, da ledar da za ka kwaso shararka. Sauke taswirar wurin a waya tun kana da sabis, ka kuma riƙe ta takarda idan akwai, don caji yana ƙarewa. Idan kana da madubin hangen nesa ka ɗauka, zai amfane ka sosai. Kafin ka fita, ka faɗa wa wani inda za ka, hanyar da za ka bi, da lokacin da ya kamata ka dawo.

A bakin daji

Ka tsaya ka karanta allon sanarwa har ƙarshe, ka ɗauki hotonsa. Idan akwai ma'aikacin gandu, ka gaishe shi ka tambaye shi ko akwai reshen da ya faɗo, ko gadar da ta karye, ko ƙudan zumar da suka tare a hanya. Matambayi ba ya ɓata. Inda doka ta ce sai da ɗan jagora, ka ɗauka. Akwai kuma bishiyoyin da mutanen yankin ke girmamawa saboda tarihi ko addini, kamar yadda Tane Mahuta take a wurin al'ummar Maori, 'yan asalin Niyu Zilan. Ko ba ka yi imani da abin da suka yi imani da shi ba, baƙo ne kai, ka kiyaye abin da suka ce a kiyaye.

Sannan ka wanke takalminka. Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma yana cikin mafi muhimmanci. A dazuzzukan bishiyar "kauri" na Niyu Zilan akwai wata cuta da ke zaune a cikin ƙasa, tana shiga ta saiwa ta kashe bishiyar sannu a hankali, kuma ɗan taɓon da ya maƙale a ƙasan takalmi ya isa ya kai ta wani daji. Shi ya sa aka gina wuraren wanke takalmi a mashiga, da buroshi da maganin feshi, a wanke a shiga, a wanke a fita. Ko dajin da za ka ba shi da irin wannan wurin, ka kankare taɓon takalminka tun a gida, har da ƙasan sandar da kake dogarawa.

Da ka kama hanya, ka tsaya a kanta. Inda ka tarar da taɓo a tsakiya, ka ratsa ta ciki, kada ka kauce gefe, don kaucewar ce ke mai da turbar mutum ɗaya ta zama fili. A kowace mararraba ka waiwaya ka ga yadda hanyar take ta baya, domin haka za ka gan ta a dawowa.

Idan ta bayyana

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Da zarar ka hango ta, zuciya za ta ja ka zuwa gindinta, ka taɓa, ka runguma, ka jingina. Ka danne wannan, ka tsaya a inda ka fara ganinta gaba ɗaya, daga ƙasa har sama.

Dalili kuwa yana ƙarƙashin ƙafarka. Mutane da yawa suna zaton saiwar babbar bishiya nitsewa take can ƙasa kamar yadda kanta ya yi sama. A yawancin bishiyoyi ba haka ba ne. Mafi yawan saiwoyin suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma suna bazuwa har su wuce iyakar inuwar rassa. Waɗanda ke tsotsar ruwa da abinci ma sirara ne kamar zare, suna kusa da sama. Saiwa tana numfashi, tana bukatar ƙananan ramukan iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Takun mutum ɗaya ba ya yin komai. Takun mutum dubu ɗari a shekara yana mai da ƙasar kamar daɓe, iska ba ta shiga, ruwan sama ya gangare maimakon ya nitse, siraran saiwoyin su mutu. Bishiyar ba ta nuna ciwon nan take. Sai bayan shekaru a ga ganye ya ƙanƙance, saman ya fara bushewa, a ce tsufa ne.

Na koyi wannan ne a hannun wani dattijo mai gadin gandu. Wata rana na tsallake wata igiya da aka kewaye wata tsohuwar bishiya da ita, don in ɗauki hoto kusa. Bai yi mini tsawa ba. Ya ce, "Malam, fito in nuna maka wani abu." Na fito na ce, "Baba, a gafarce ni." Ya ɗauki wani tsinke ya soka a ƙasa daga can bayan bishiyar, ta gefen da babu mai bi, tsinken ya shige ba wahala. Ya ɗebo ƙasar a tafin hannu ya miƙo mini: baƙa, mai laushi, mai ƙamshin damina, da ruɓaɓɓen ganye da wasu fararen zaruruwa a ciki. Ya dawo gaba, inda aka shekara da shekaru ana tsayawa kafin a sa igiyar, ya soka tsinken, ya karye. Ya ce, "Nan ma da haka take." Tun ranar ban ƙara tsallake shinge ba.

Saboda haka ne aka kewaye Major Oak ta dajin Sherwood a Ingila tun shekarun 1970, bishiyar da ake ƙiyasta ta kai shekara 800 zuwa 1,000, wadda manyan rassanta suka daɗe a kan tokare. Saboda haka ne kuma wanda ya yi tafiyar awa biyar zuwa Jomon Sugi zai tsaya a kan dandamalin katako, kimanin mita 15 daga jikinta, ya kalla daga nan. Inda babu shinge, ga ma'aunin da hukumomin Ingila ke ba masu gine-gine kusa da tsofaffin bishiyoyi: a bar tazarar da ta ninka faɗin kututturen sau 15, ko mita biyar bayan iyakar rassa, duk wanda ya fi nisa. Idan faɗin kututture mita biyu ne, tazarar mita 30 ce ta kowane gefe. Ba a kafa wannan don mai yawo da ƙafa ba, amma yana nuna maka girman filin da bishiyar ke rayuwa a cikinsa. Mota, babur, tanti, tabarmar taro, duk su tsaya a wajen wannan da'irar.

Kafin ka matsa ko taku ɗaya, ka ɗaga kai ka duba rassan da ke samanka: busassu, tsagaggu, ko waɗanda suka karye suka rataye. Tsohuwar bishiya tana yar da reshe ba sallama, wani lokaci ma a rana mai zafi da babu ko iska. A watan Janairun 2006 reshe mafi girma na General Sherman ya faɗo, faɗinsa ya haura mita biyu, tsawonsa ya haura mita 30. Ya farfasa shinge ya rotsa daɓen hanya. Allah Ya sa babu kowa a wurin. Don haka kada ka zauna cin guzuri a ƙarƙashin babban reshe, kada kuma ka bar yara su yi wasa a nan. Idan ka ji tsawa, ka nisanci bishiyar, domin mafi tsawo a wuri ita aradu ta fi faɗa wa. Ka nufi mota ko gini, ka jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Yadda ake kallonta

Ka ba ta lokaci. Yawancin mutane minti biyar suke yi, su ɗauki hoto su juya. Ka zauna a kan dutse ko benci, ka ajiye waya, ka yi shiru na minti goma. Tsuntsayen da zuwanka ya kora za su dawo, ka fara jin abin da ba ka ji ba da farko.

Fara daga ƙasa. Dubi yadda gindin ya baje, yadda manyan saiwoyi suka fito kamar gwiwoyi kafin su nitse. Hau da ido zuwa ɓawo, ka ga tsagoginsa, gansakukar da ke gefen da ya fi danshi, tabon wuta ko na aradu da sabon itace ya naɗe a hankali. Idan akwai kogo, kada ka ɗauka mutuwa take. Tsakiyar kututture dama mataccen itace ne. Rayuwar bishiya tana cikin wani siririn sashe da ke ƙarƙashin ɓawo, da itacen da ke kusa da shi, ta nan ruwa ke hawa, ta nan abinci ke sauka. Funfuna na iya cinye tsakiyar tas, bishiyar ta ƙara ɗaruruwan shekaru a tsaye, kamar bututu. Haka idan ka ga saman ya bushe amma ƙananan rassa suna ta toho, sau da yawa rage jiki take yi don ta iya ciyar da abin da ya rage. Da madubin hangen nesa za ka ga ramukan tsuntsaye, da naman kaza a jikin rassa, da tsirran da suka samu wurin zama a can sama.

Wannan siririn sashen shi ne dalilin da ya sa rubuta suna da wuƙa ya zama zalunci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga: kowane yanka ƙofa ce ga cuta da ƙwari. Idan yanka ko sassaƙa ya zagaye kututture gaba ɗaya, yawanci bishiyar ta mutu ke nan ko da ganyenta na nan kore. Kada ka ɓare ɓawo, kada ka buga ƙusa, kada ka ɗaura igiya, kada ka hau. Busasshen reshen da ya faɗi ma ka bar shi a wurin, gida ne ga ƙwari, kuma ruɓewarsa taki ce ga uwarsa.

Kogo kuwa kada ka shiga, kada ka cusa hannu. Macizai, ƙudan zuma da jemagu suna zama ciki, kuma ƙurar kashin jemage na iya jawo ciwon huhu. Wuta ita ce mafi muni. A Janairun 2012 wata bishiya da ake kira Senator a jihar Filorida ta Amurka, wadda aka ƙiyasta ta kai shekara 3,500, ta ƙone ta zube saboda wutar da wata mata ta kunna a cikin kogonta. Kogon ya ja wutar sama kamar bututun hayaƙi, ta ci ta daga ciki. Ashana, taba, kyandir, babu wanda ya kamata ya kusance ta.

Awo da hoto

Idan babu shinge, ƙasa a bushe take, kuma dokar wurin ba ta hana ba, mutum ɗaya na iya matsawa a hankali ya auna kauri. A zagaya tef a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, a raba abin da aka samu da 3.14, shi ne faɗin kututture. Zagaye na santimita 628 faɗin mita biyu ke nan. Akwai wani ƙiyasi da ake yi cewa bishiyar da ke fili tana ƙara kimanin santimita 2.5 a zagayenta kowace shekara, ta cikin kurmi kuwa rabin haka. Ni ban cika dogara da shi a kan tsofaffi ba, don girma yana raguwa da tsufa, nau'i kuma ya bambanta. Ko masana sukan saɓa: ƙiyasin shekarun Jomon Sugi ya kama daga 2,170 har 7,200. Ƙirga zobban da ke cikin itace ya fi inganci, amma kogo yana cinye su, kuka kuwa zobbanta ba su fita sosai, sai da gwajin kabon, wanda masana kimiyya ke yi wa ɗan guntun itace don ƙiyasta shekarunsa. A 1964 wani mai bincike, da izinin hukuma, ya sa aka sare wata bishiya a jihar Nebada ta Amurka, aka ƙirga zobba 4,862. Ita ce ake kira Prometheus, kuma a lokacin babu wata da aka sani ta girme ta.

Tsawo kuwa daga nesa ake auna shi. Samu sanda mai tsawon daidai da tazarar idonka zuwa tafin hannunka idan ka miƙe shi. Riƙe ta a tsaye da miƙaƙƙen hannu, ka ja da baya a kan hanya har kan sandar ya daidaita da kan bishiyar, hannunka kuma da gindinta. Tazarar da ke tsakaninka da bishiyar ita ce kusan tsawonta.

Hoto ya fi kyau da safe ko yamma, ko ranar da gajimare ya rufe rana, don tsakar rana tana cika hoton daji da baƙi da fari. Ka sa mutum ya tsaya a kan hanya ko bakin shinge don girman ya fito. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi an haramta shi a gandaye da yawa, ka tambaya tukuna. Idan bishiyar ba sananniya ba ce, kuma ba ta da shinge ko mai gadi, ka kashe alamar wuri kafin ka sa hoton a Facebook ko Instagram.

Dawowa

Tun kafin ka shiga ka yanke lokacin juyowa, kuma ka cika shi ko ba ka gaji da kallo ba, domin duhu yana riga shiga cikin kurmi kafin fili. Kwashe shararka duka, har ɓawon 'ya'yan itace, ka ƙara da wadda ka tsinta. Idan bukatar ba-haya ta kama ka kuma babu bayi, ka yi nisa da bishiyar da kuma ruwa, aƙalla mita 60, ka tona rami ka rufe. A mafita ka sake wanke takalmi. Idan ka ga sabon yanka a jikinta, ko tokar wuta, ko shingen da ya karye, ko reshen da ya rataye a kan hanya, ka faɗa wa ma'aikata ka nuna musu hoto. Ka sanar da wanda ka bar wa saƙo cewa ka fito. A gida ka duba jikinka da na yara saboda kaska, musamman bayan gwiwa, hammata, ƙugu da cikin gashi. Idan ka sami ɗaya, ka kama ta da hantsaki daf da fata, ka ja a hankali a miƙe ba tare da murɗawa ba, ka wanke wurin. Idan zazzaɓi ko jan tabo ya biyo baya a makonnin da ke tafe, ka je asibiti ka faɗa musu ka shiga daji.